Babi na Shida: Mutanen Bangon Duniya

A babbar majami'ar garin Hereford, can yammacin Ingila kusa da iyakar Wales, akwai wata taswirar duniya da aka zana wajen shekarar 1300 a kan fatar maraƙi guda ɗaya, tsayinta ya ɗan haura mita ɗaya da rabi. Wanda ya saba da taswirar makaranta sai ya ɗan rikice in ya tsaya gabanta, domin gabas ce a sama, Birnin Ƙudus na tsakiya kamar cibiya, Afirka kuma na hannun dama. In mutum ya bi da ido ya ƙetare kogin Nilu, wanda mai zanen ya ja shi ya ratsa tsawon nahiyar, zai iske wani siririn zirin ƙasa tsakanin kogin da tekun da ya kewaye duniya. An yanka zirin ɗaki-ɗaki kamar rumfunan kasuwa, kowane ɗaki da mai shi. Ga wani ba shi da kai, idanunsa da bakinsa na ƙirji. Ga wani mai ido huɗu. Ga wani bakinsa a liƙe, sai 'yar kafa da yake zuƙar abinci ta cikin kara. Kusa da kowannensu an rubuta bayaninsa da Latin, da irin natsuwar da aka rubuta sunan Rum da na Paris. A lissafin mai taswirar nan ne bangon duniya. In kuwa aka gwada da taswirar yau, zirin ya faɗo ne a ƙasashen kudu da Sahara, inda a daidai wannan lokaci Kano ke da ganuwa da sarki, Mali kuma ke dab da samun Mansa Musa.

Akwai malamin da ya ba waɗannan halittu mafi kyawun shekarunsa, kuma ta kansa za mu shiga maganar. Sunansa John Block Friedman, Ba'amurke ne, farfesan adabin Ingilishi da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Illinois. Littafinsa na farko, na 1970, a kan Orfiyus ne, mawaƙin almarar Girkawa, da yadda Turawan tsakiyar zamani, wato shekaru dubun da ke tsakanin faɗuwar daular Rum ta yamma da wajen 1500, suka riƙa sauya masa kama don ya dace da addininsu da ɗabi'unsu. Daga nan ya koyi bin sawun labari guda ƙarni bayan ƙarni, yana lura da abin da kowane mai kwafe ya ƙara ko ya rage. A 1981 maɗaba'ar Jami'ar Harvard ta fitar da littafinsa a kan baƙin jinsunan mutane a zane da tunanin wancan zamani, aka sake buga shi a 2000, har yau kuma duk mai shiga wannan fage ta nan yake farawa. Ba shi ya fara share gonar ba. A 1936 J. R. R. Tolkien ya gabatar da lacca a Landan inda ya ƙalubalanci masanan da ke ganin dodannin tsohuwar waƙar Beowulf a matsayin aibin da ya ɓata aiki mai daraja, ya nuna cewa su ne ƙashin bayan waƙar. A 1942 kuma Rudolf Wittkower ya bi tarihin zanen abubuwan al'ajabin gabas tun daga Girkawa. Abin da Friedman ya ƙara shi ne ya ɗauki halittun a matsayin hujjar tarihi, ya tambaye su abin da suka sani game da mutanen da suka zana su. Abin da ya samo, a ganina, ya isa ya wanke duk wanda ya zaɓi wannan ilimi: da waɗannan halittu ne Turai ta yi shekara dubu tana auna wane ne mutum, wane ne bai kai ba.

Sai dai kalmar dodo ba ta ɗauke su duka ba. Dodon tatsuniyarmu shi kaɗai ne a kurmi ko a rafi, aikinsa haɗiye mutane, kuma yaro ma ya san in an ce ƙurunƙus ya tafi. Waɗannan kuwa ƙabilu ne, da mata da 'ya'ya da ƙasar da aka ce suna zaune, kuma a littattafan ilimi suke, jere da bayanin koguna da ma'adinai. Kalmar Latin da ake kiransu da ita, malaman lokacin sun ce daga nuni ta samo asali, wato halitta ce da ke nuna wani abu, abin da mu za mu ce aya ko ishara. Isidor, limamin Kirista na Sabiliya a Andalus wanda ya rasu a 636, ya ce irin wannan halitta ba ta saɓa wa tsarin duniya ba tunda da nufin Mahalicci ta zo, ta dai saɓa wa abin da muka saba gani.

Wanda ya yi karatun hadisi zai fi kowa saurin gane matsalar wannan ilimi, domin isnadinsa na da tsawo amma babu ganau a ƙarshensa. Kitisiyas, wani likita Bagirke da ya yi aiki a fadar sarkin Farisa wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta littafi a kan Indiya ba tare da ya taka ta ba, daga abin da ya ji a bakin baƙin fada. Shi ya kawo masu kan kare da masu ƙafa ɗaya faffaɗa, waɗanda in rana ta take sai su kwanta rigingine su yi inuwa da ita. Bayansa da kamar shekara ɗari Megastenis ya je Indiya jakada, ya zauna a Pataliputra, ya kawo labarai na gaskiya masu yawa, ya haɗa da na mutanen da ba su da baki, ƙamshi kawai suke shaƙa su rayu. Filini, Barume mai tara ilimi wanda ya rasu a 79 lokacin aman dutsen Vesuvius, ya kwashe duka ya zuba a kundinsa mai juzu'i 37, shi ya sa Friedman ya raɗa musu suna jinsunan Filini. Solinus ya taƙaita Filini, Isidor ya ɗauka daga Solinus, masu taswira da masu wa'azi suka ɗauka daga Isidor. Kowane mai kwafe ya dogara ne da girman wanda ya gabace shi, tsufan labari ya zame masa shaida.

Inda Friedman ya fi burge ni shi ne inda ya kau da ido daga siffar jiki ya dubi sauran jerin. Da yawa daga cikin waɗanda Filini ya lissafa jikinsu lafiya lau yake. Abin da ya jefa su cikin jerin shi ne abincinsu, ko maganarsu, ko suturarsu, ko mazauninsu. Akwai waɗanda sunansu kawai maciya kifi, akwai mazauna kogo masu cin macizai, waɗanda aka ce ba su da harshe sai tsuwa irin ta jemage, akwai masu yawo tsirara, akwai waɗanda makaminsu kulki ne maimakon takobi. Bagirke da Barume sun ɗauki kansu mudu: cikakken mutum shi ne mai cin burodin alkama, mai shan ruwan inabi, mai zama a birni ƙarƙashin doka, mai magana da harshen da suke ji. Kalmar da Girkawa ke kiran baƙo da ita ma kwaikwayon maganarsa ce, wadda a kunnensu ba ta wuce bar-bar ba. Mu ma muna da irinta, kalmar gwaranci, wadda ba ta yi wa masu harshen adalci ba. Don haka mai kan kare shi ne matakin ƙarshe na wani tsani da ya fara daga maƙwabcin da ke cin abin da ba mu ci. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Bilemiyawa, waɗanda aka ce fuskarsu na ƙirji. Mutane ne na gaske, makiyayan hamadar da ke tsakanin Nilu da Bahar Maliya, waɗanda masana da yawa ke dangantawa da kakannin Bejawan Sudan. Sun addabi kudancin Masar har sarkin Rum Diyokilishiyan, wajen 298, ya janye iyakarsa zuwa Aswan ya yanka musu kuɗin da za a riƙa ba su duk shekara. Daular ta san suna da kai, tunda da shugabanninsu take ƙulla yarjejeniya, amma bayan shekara ɗari uku Isidor na nan yana rubuta cewa gangar jiki ce kawai.

Da Kiristanci ya gaji wannan jeri sai tambayar ta yi nauyi, domin addinin ya ce duk mutane daga Adamu suke. Agustin, ɗan Arewacin Afirka, limamin garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya ga hotunan waɗannan halittu an shirya su da ƙananan duwatsu a dandalin bakin tekun Kartaj, ya kuma ba da amsar da ta yi shekaru aru-aru tana aiki. Ya ce ko dai labarin ƙarya ne, ko suna nan amma dabbobi ne, ko kuwa mutane ne, in kuwa mutane ne masu hankali masu mutuwa, to 'ya'yan Adamu ne komai muninsu. Amsa ce mai faɗin zuciya, amma ta bar ƙofa ta tsakiya a buɗe, ta kuma bar wa na baya aikin tantance wanda zai shiga ta cikinta. A ƙarni na 9 wani mai yaɗa addini, Rimbert, da ke shirin shiga ƙasashen arewacin Turai inda ake raɗe-raɗin akwai masu kan kare, ya aika wa malami Ratramnus na Corbie tambaya ko a yi musu wa'azi. Ratramnus ya auna abin da aka faɗa masa a kansu: suna noma, suna kiwo, suna zama a ƙauyuka, suna rufe tsiraicinsu. Ya ce wanda ya san kunya har ya nemi sutura yana da hankali, kare kuma ba ya kiwon dabba, saboda haka suna da rai irin na ɗan Adam. A ƙofar majami'ar Vézelay ta Faransa, wadda aka sassaƙa a farkon ƙarni na 12, ga su nan a cikin al'ummomin da za a kai wa saƙo, masu kan kare, da masu kunnuwa kamar faifai, da wani ɗan guntun mutum da ya jingina tsani zai hau doki. Amma da karatun Aristotil ya dawo jami'o'i a ƙarni na 13 sai mudun ya tsuke. Albertus Magnus, wanda ya rasu a 1280, ya yi nazarin gajerun mutanen nan ya yanke cewa suna magana amma ba su kai ga cikakken hankali ba, ya ajiye su tsakanin biri da mutum. Wannan gurbi da ya buɗe, na mai kama da mutum wanda bai cika mutum ba, ya daɗe bai rufu ba.

Mai suka zai ce duk wannan dogon bayani ne a kan kuskure mai sauƙi. Matafiyi ya hango abu daga nesa, ko tafinta ya murɗe magana, labari ya yi ta girma a hanya. Akwai gaskiya a ciki, kuma mutanen lokacin ma sun faɗe ta. William na Rubruck, wanda ya je fadar Mongol tsakanin 1253 da 1255, ya tambayi mutanen can game da halittun Isidor da Solinus, suka ce ba su taɓa gani ba, shi ma ya fara shakka. Giovanni de' Marignolli, jakadan Fafaroma da ya isa Sin a 1342 ya dawo ta Indiya, ya ce ya bincika ko'ina bai ga irin waɗannan ƙabilu ba, hasali ma shi mutane ke tambaya ko akwai su. Ya ce mai inuwa da ƙafa ba kowa ba ne illa Ba'indiye riƙe da laima, har ya taho da laimar guda zuwa Florence. To amma da kuskure ne kawai, da gani ya kori ji, magana ta mutu tun a ƙarni na 14. Abin da ya faru shi ne halittun suka yi ƙaura. Wajen 1410 aka yi wa littafin Marko Polo zane mai tsada a Paris, mai zanen ya saka marasa kai da masu ƙafa ɗaya a shafin da Marko Polo bai ambace su ba, domin mai sayen littafin gabas yana sa ran ganinsu. Kolombus, wanda kwafinsa na Filini da na Marko Polo ke nan ajiye a Sabiliya da rubutun hannunsa a gefe, ya rubuta a Nuwamban 1492 cewa mutanen tsibiran da ya sauka sun ba shi labarin masu ido ɗaya da masu bakin kare masu cin mutane, alhali bai yi wata guda da fara jin harshensu ba. A 1596 Walter Raleigh ya ba da labarin marasa kai a Giyana. Har a 1758 Linnaeus, uban tsarin rarraba halittu na kimiyya, ya ware musu gurbi a ƙarƙashin jinsin mutum. Abin da ke matsawa gaba duk lokacin da aka iso wurinsa, buƙata ce ke riƙe da shi.

Wani zai ce to ai nishaɗi ne, wa ya cutu? Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan ta yi. Daga sunan da Kolombus ya ji ana kiran mutanen Karib ne harsunan Turai suka samo kalmarsu ta maci-mutane, a 1503 kuma Sarauniya Isabella ta Kastil ta halatta bautar da waɗanda aka tabbatar maciya mutane ne, alhali ta hana bautar da sauran 'yan ƙasar. Daga ranar, duk mai neman bayi ya san sunan da zai laƙaba wa tsibirin da ya nufa. Sai da Fafaroma Paul na Uku ya fitar da takarda a 1537 yana tabbatar da cewa mutanen sabuwar duniya mutane ne na haƙiƙa, a 1550 kuma aka zauna a Valladolid, malamai biyu, Las Casas da Sepúlveda, suna jayayya a kan ko an halicce su ne don bauta. Hujjojin da aka baje a wannan zama, su tsiraici da abinci da rashin rubutu da rashin doka, su ne dai waɗanda Ratramnus ya auna masu kan kare da su shekara ɗari bakwai kafin nan.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ke cewa masu wannan ilimi na ɗora wariyar launin fata ta zamanin mulkin mallaka a kan mutanen da ba su san ta ba. Dole a saurare ta, musamman da fagen ya bunƙasa bayan Jeffrey Jerome Cohen ya fitar da kundinsa na 1996, wanda ya koyar da cewa jikin dodo rubutu ne da al'umma ke zuba tsoronta da sha'awarta a ciki. Tunanin na da amfani, amma a hannun wasu almajirai ya zama mabuɗin da ke buɗe kowace ƙofa, har kowane baƙo a kowane littafi ya koma dodo. Friedman ya tsira daga wannan ne saboda bai ɓoye hujjar da ba ta goyi bayansa ba. Ya ware babi guda a kan inda waɗannan baƙi ke zama abin koyi, kamar masu zuhudun Indiya da almarar Iskandar ta nuna suna kunyata shi da gudun duniyarsu. A cocin gabas ma akwai waliyyinsu Kiristofa da ake zanawa da kan kare. Don haka ba a ce tsakiyar zamani ta ƙirƙiro wariyar launi yadda muka san ta ba. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne ta ƙera ma'aunin, ta ajiye shi a makarantu da majami'u, ta yi amfani da shi wani lokaci don shigo da baƙo, wani lokaci don korarsa, har ranar da jiragen ruwa suka kai shi gaɓar da ke da zinariya da ƙasar noma. Friedman kansa bai rabu da tambayar ba, ko da ya koma wasu fannoni. Littafinsa na 2010 a kan tufafi ne, yadda marubutan ƙarshen wancan zamani ke muzanta manomi in ya sa rigar da ta fi matsayinsa.

Saura magana ɗaya, wadda adalci ya wajabta a faɗa. Turawa ba su kaɗai ke da bangon duniya ba. Zakariyya al-Ƙazwini, alƙalin Iraƙi da ya rasu a 1283, ya saka masu kan kare a tsibiran teku cikin littafinsa na abubuwan al'ajabin halittu, littattafan Larabawa kuma sun san nasnas mai rabin jiki. Abin da ya fi kusa da mu shi ne sunan da masana ƙasa na Larabawa suka ba mutanen da ke kudu da ƙasashen Musulmin Sudan, wato yankin baƙar fata na kudu da Sahara. Al-Bakri a 1068 ya ambaci Damdam, ya ce suna cin duk wanda ya faɗa hannunsu. Al-Idrisi a 1154 ya ambaci Lamlam, ya kuma faɗi cewa mutanen Takrur da tsohuwar daular Gana na kai musu hari su kamo su su sayar wa fatake. Sunan ya yi ta sauya baki, Lamlam, Yamyam, Nyamnyam, yana matsawa kudu duk lokacin da Musulunci da fatauci suka ƙara gaba, kuma kullum yana sauka ne a kan waɗanda ake kai wa farmaki.

A 1851 Francis de Castelnau, ƙaramin jakadan Faransa a Bahia ta Brazil, ya buga wani ɗan littafi a Paris daga hirar da ya yi da bayin da aka kwaso daga tsakiyar Sudan, da yawansu Hausawa. Sun ba shi bayanin garuruwa da hanyoyi da koguna, wanda masana tarihi ke amfani da shi har yau. Sun kuma ba shi labarin Nyamnyam masu wutsiya. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya taɓa bin rundunar Sarkin Kano zuwa ƙasarsu, suka iske wasu na barci a rana, suka lallaɓa suka kashe su duka, ya kuma ce da idonsa ya ga wutsiyar a jikin gawarwakin. Mai wannan magana a lokacin bawa ne, an tsallaka da shi teku an sayar a kasuwar mutanen da ke ganin shi ma bai cika mutum ba. Masanan Paris sun yi shekaru suna tattauna labarin da gaske. A ƙarshe sunan ya maƙale wa Azande, mutanen da ke tsakanin Sudan ta Kudu da Kwango da Afirka ta Tsakiya a yau, matafiyan da suka bincika kuma, har da Georg Schweinfurth da ya shiga ƙasarsu a 1870, ba su ga wutsiya a jikin kowa ba. Abin da aka samu warki ne na fata, wanda ake ɗaurawa a ƙugu a bar jelarsa tana reto ta baya.